Cibiyar koyon Japananci da ke Ikeja: ajin ya yi, amma fakej ɗin aiki ku riƙe kuɗinku

Akwai wata cibiya a Ikeja, can ta bayan Allen, hawa na biyu a saman wani shagon taya, suna koyar da Japananci kuma suna cewa suna samo wa mutane aiki a Japan. Ba zan kama suna ba, amma duk ɗan Agege ko Idi-Araba da tallan nan ya taɓa shigo masa WhatsApp, mai hoton farin jirgin ƙasa da dutse mai ƙanƙara a baya, ya san inda nake nufi, kuma irinsu yanzu ba ɗaya ba ne a Legas. Ni da ƙanina muke zuwa. Ni sana'ata saro kayan gyaran mota tokunbo a Ladipo ina turawa Kano da Kaduna, to da yake yawancin kayan daga Japan suke fitowa na daɗe ina son in iya karanta takardun da ke zuwa da su, shi kuma tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a su Ikeja da Surulere da Apapa a 2022 bai ƙara samun tsayayyiyar sana'a ba, yau dako a Mile 12 gobe gadi, kuma shi ne ya fara kawo maganar tafiya. Abu biyu suke sayarwa a wurin, akwai aji akwai kuma abin da suke kira fakej na aiki, kuma hukuncina a kansu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ajin Asabar da Lahadi ne, ƙarfe 10 zuwa 1, naira 150,000 kowane mutum na zangon wata uku. Malamin wani dattijon Bayarabe ne da ya yi karatun injiniya a can da sukolashif ɗin gwamnatin Japan da ake nema ta ofishin jakadancinsu na Abuja, ya kuma taɓa aiki a masana'anta kafin ya dawo gida, kowa Sensei yake ce masa. Wallahi mutumin nan ya san aikinsa. Ba ya yarda a rubuta Japananci da baƙaƙen boko ko na rana ɗaya, daga zuwa ya ɗora mu kan hiragana, baƙi 46, ana gamawa aka shiga katakana su ma 46, duk wanda ya zo bai haddace na makon ba sai ya tsaya gaban allo ya rubuta kowa yana kallo, ba ruwansa da cewa kai magidanci ne. Ƙanina da ake cewa ba shi da kan boko shi ya riga kowa gama hiragana har da masu digiri, dan ya yi makarantar allo mai kyau a gida, hadda da maimaitawa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Inda gumi ya fara zuba shi ne kanji, wato baƙaƙen da suka aro daga rubutun Sin. Wanda ake amfani da su yau da kullum a jarida da takardun gwamnati guda 2,136 ne, kuma guda ɗaya sai ka ga yana da karatu biyu ko uku. Jarrabawar iya Japananci da kowa yake magana a kai, JLPT, mataki biyar ce daga N5 ta ƙasa zuwa N1 ta sama, ana yinta a Yuli da Disamba, N5 tana son kanji wajen 100, N4 wajen 300, kuma Sensei tun ranar farko ya ce duk wanda ya gaya muku za ku kai N4 a wata uku da ajin ƙarshen mako kawai to ya raina muku hankali.

Akwai wani abu da ya yi mana da har yanzu yake raina. Bayan mun ɗan fara jin kanmu, muna gaisawa muna faɗin suna da gari da farashin kaya, sai ya zo da sifika ya kunna muryar wani shugaban leburori yana ba da umarnin safe a wurin gini, bai fi minti ɗaya ba. Ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Ajin ya yi tsit, wata yarinya mai digirin kwamfuta ta kamo lambobi biyu, ni na kamo gaisuwar farko shikenan. Sai ya kashe ya ce abin da mutumin ya faɗa shi ne yau za a ɗaga ƙarfe da kiren ta ɓangaren hagu, kar kowa ya bi ta nan kafin ƙarfe 11. Ya ce to Malam, idan ɗan'uwanka yana wurin nan bai ji ba fa? Daga ranar na daina ɗaukar maganar yare a matsayin sharaɗin takarda kawai.

Na kuma tambaye shi batun abinci dan mu musulmi ne, bai yi min dogon wa'azi ba, mako na zagayowa sai ga shi da leda cike da fankon taliyar kofi da biskit da kwalin miya da ya ajiye tun daga can, ya raba mana ya rubuta kanjin alade da na giya a allo ya ce kowa ya nemo su a bayan ledarsa. A cikin abin da ke hannuna, biskit ne fa na yara, sai da na samo kitsen alade a jerin kayan haɗin. Ya gaya mana akwai masallatai, akwai babba a Tokiyo da Turkawa ke kula da shi, akwai na Kobe tun 1935, akwai shagunan halal a unguwar Shin-Okubo, amma aikin masana'antar abinci da aka fi tura baƙi sau da yawa ƙauye ne, kuma roƙon a ba ka awa ɗaya ranar Juma'a ko a canza maka layi daga inda ake sarrafa alade da bakinka za ka yi shi, cikin ladabin da su suke ganewa, ba wanda zai yi maka tafinta.

Ajin yana da nasa matsalolin. Ɗakin na mutum 15 ne suna cusa sama da 20, in NEPA suka ɗauke janareton na mai shagon taya ne sai ya ga dama, fanka ɗaya, ba wurin sallah sai dai ka sauka ka nemi masallacin masu canji. Sannan suna sayar da hotokwafin darasi naira 12,000 alhali wani ɓangare nasa Irodori ne, wanda Japan Foundation ta sa a intanet kyauta har da sautinsa, musamman dan masu zuwa aiki aka yi shi. Wannan bai yi min daɗi ba, amma abu ne da mutum zai iya haƙuri da shi saboda malamin.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Kafin ka shiga aji sai ka wuce ta gaban tebirin wata Madam, ita ke sayar da fakej, naira miliyan 3 da rabi, a cewarta biza da aiki da masauki, kuma wai ba sai ka iya yare ba, can za ka koya. Kafin ni in fara zuwa ashe ƙanina ya kwashi adashinsa naira 200,000 ya ba su kuɗin buɗe fayil. Abin da ta nuna masa a waya labarin Kisarazu ne. Ga wanda bai bi maganar ba, a watan Agusta 2025 an yi taron Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 a Yokohama, a nan JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashe huɗu dan zumunci da musayar al'adu, Kisarazu da Najeriya tunda can 'yan wasanmu suka yi sansani lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo, Sanjo da Gana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Sai sanarwa ta fito daga Abuja cewa Japan za ta ware biza ta musamman dan matasanmu su je Kisarazu su zauna su yi aiki. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ta fito ta ce ba wannan maganar, aka gyara sanarwar, mutane a can suka yi ta damun ofishin magajin gari da waya suna ƙorafi, ƙarshe a watan Satumba JICA ta soke shirin gaba ɗaya. To abin da aka ƙaryata aka kuma soke, shi ne har yanzu ake nuna wa yaranmu hotonsa ana karɓar musu adashi, wannan ba kuskure ba ne, sun sani.

Na zauna da ita cikin mutunci na ce Madam, wace irin biza ce za a buga masa a fasfo, ta ce ta aiki. Na ce biza ta aiki a Japan kala-kala ce, wacce daga ciki, kuma wane kamfani ne zai nema masa takardar cancanta, COE, tunda kamfanin da zai ɗauke ka ko makarantar da za ta karɓe ka su ke neman ta a ofishin shige da fice na can kafin ka kai fasfo. Ta ce Oga Malam kar ka damu, muna da mutanenmu. Da na matsa sai ta rage murya ta ce ai da bizar ziyara za a fara shiga, in an isa sai a juya ta. Jama'a bizar ziyara ba a aiki da ita a Japan, kwana 90 ce iyakarta, kuma juyawar da ake nufi yawanci ita ce a sa ka ka nemi mafaka da labarin ƙarya. Japan a duk shekarar 2023 mutum 303 kacal ta amince da su a matsayin 'yan gudun hijira cikin dubbai da suka nema, kuma tun Yuni 2024 doka ta ba su damar korar wanda ya nema karo na uku ko da bai gama jira ba. Wato ka ba da miliyan 3 da rabi a cinikin biri a sama, ƙarshenta ɗan'uwanka ya ƙare a tsare ko yana ɓoye-ɓoye ba inshorar lafiya ba komai.

Abin mamaki, a gini ɗaya, ƙofa ɗaya tsakani, Sensei yana faɗin gaskiya ƙiri-ƙiri in ka tambaye shi. Ya ce Japan tana neman ma'aikata da gaske, kusan mutum 3 cikin 10 sun haura shekara 65, ma'aikata baƙi sun wuce miliyan 2.3 a ƙidayar Oktoba 2024, amma duba su waye, 'yan Biyetnam ne da Sin da Filifin da Nepal da Indunusiya da Miyanma. Hanyar da aka buɗe wa marar digiri ita ce bizar ƙwararren ma'aikaci da aka fara a Afrilu 2019, ta kai fannoni 16 da ƙarin da aka yi a 2024, su gini da noma da kula da tsofaffi da gyaran mota da sarrafa abinci da otal. Sharaɗinta N4 ko wata jarrabawar da ake kira JFT-Basic, sannan jarrabawar sana'ar ita kanta, kuma ita wannan ta sana'ar a Japan ake zamanta ko a ƙasashen Asiya da suka yi yarjejeniya da su, ba a Ikeja ba. Matakin farko shekara 5 ne kuma ba ka zuwa da iyali, sai ka haye mataki na biyu. Mai kula da tsofaffi ma akwai ƙarin jarrabawar yaren aikin. Tsohon tsarin koyon sana'a na 1993 da aka yi ta kuka da shi saboda zaluntar ma'aikata an yi dokar maye gurbinsa a 2024, sabon zai fara a 2027, shi ma da sharaɗin yare. To ina marar yare zai shiga?

Wanda da gaske za su iya zuwa da ɗan Japananci kaɗan masu takarda ne. Yarinyar nan mai digirin kwamfuta, ita Sensei ya ce ta fi kowa kusa a ajin, dan akwai kamfanoni irin su Rakuten da suka mayar da Turanci yaren ofis da kuma Mercari da ke ɗaukar masu rubuta manhaja daga waje, amma fa sai da gogewar aiki ta shekaru, ba wai ka gama bautar ƙasa jiya ba, kuma bizar tana son digiri ko shekara 10 a aikin. Akwai wani malamin makarantar kuɗi daga Idi-Araba shi ma yana da hanya, koyar da Turanci, tunda ana neman digiri da shekara 12 na karatu da Turanci kuma ɗan Najeriya da ya yi boko tun firamare yana da wannan, albashin wajen yen 200,000 zuwa 250,000 a wata kafin a cire haraji da fansho da inshora, sai dai Sensei ya gaya masa gaskiya cewa wasu makarantun fasfon Amurka da Ingila suke fifitawa kuma albashin ba ya motsi shekara da shekaru. Aikin ofis na sosai kuwa N2 suke tambaya. Ni ma ban tsira ba, dan na taɓa tunanin wataran in buɗe ɗan kamfanin turo kayan mota daga can yadda wasu 'yan Ladipo suka yi, sai ga shi tun Oktoba 2025 jarin bizar mai kasuwanci ya tashi daga yen miliyan 5 zuwa miliyan 30.

Hanyar da ta rage wa irin ƙanina mai takardar sakandare ita ce makarantar koyon yare a can, kuma nan ne Madam take buga lissafin da ke ruɗa yara. Takan ce ɗalibi ma yana samun sama da naira miliyan 1 a wata. Mun zauna da biro a shagona mun bi abin. Ɗalibi awa 28 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako, shi ma sai ya karɓi izini, sai lokacin dogon hutu ake barinsa awa 8 a rana. Mafi ƙarancin lada a Tokiyo da aka sa a Oktoba 2025 yen 1,226 ne a awa, kuma shi ne mafi tsoka a ƙasar, matsakaicin ƙasa baki ɗaya 1,121. Awa 28 sau 1,226 ya ba ka 34,328 a mako, wajen 137,000 a wata, da yake yen ɗaya tana kusan naira 10 lokacin da muka yi lissafin to maganarta ta miliyan ɗaya da wani abu ba ƙarya ba ce, rabin magana ce. Kuɗin makaranta a shekara yana kai wajen yen 800,000, ka raba 12 kusan 67,000 kenan duk wata, ɗaki ko na haɗaka a Tokiyo da wuya ka samu ƙasa da 40,000, me ya rage, yen 30,000 na abinci da jirgin ƙasa da waya da inshora, ba maganar aiko wa Inna ko sisi. Kuma kafin ka tafi sai ka biya na shekarar farko, sai mai ɗaukar nauyinka ya nuna kuɗi masu kauri a akawun da bayanin inda suka fito, sai ka nuna shaidar ka riga ka fara iya Japananci kamar N5, ga tikitin jirgi da sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha. Wanda ya ce zai wuce awa 28 a ɓoye kuwa, ranar sabunta biza takardar haraji za ta tona shi. Aikin da marar yare ke samu shi ne wankin kwanuka, jera abinci a roba cikin dare a ɗaki mai sanyi, rarraba kaya a sito, gyaran gadon otal, ko kantin unguwa ma sai ka iya karɓar kwastoma da yarensu.

Ban ce hanyar ba ta ɓullewa ba, akwai wanda ya yi shekara 2 a makarantar yare ya ci N4 ko N3 ya zauna jarrabawar sana'a a can ya koma bizar aiki, wannan hanya ce ta halal kuma a buɗe take. Amma tana son mai gidan da zai iya ɗaukar nauyinka shekara biyu ba ya jiran komai, kuma mu yawancin masu zuwa ajin nan mu ne ake jira a gida. Ƙanina da ya ga lissafin ya yi shiru can ya ce Yaya to in bari kenan, na ce a'a, yaren dai ka ci gaba tunda Allah Ya ba ka kansa, ka haɗa da koyon gyaran mota a garejin abokina na Agege, dan gyaran mota yana cikin fannonin nan kuma ko ba a je ko'ina ba sana'a ce a hannu. Ya yarda, yanzu safe yana gareji dare yana kanji.

Maganar naira 200,000 ɗin, da muka ce mun fasa sai aka ce ba a mayar da kuɗin fayil, na ce a nuna min inda aka rubuta a rasit, babu, na ce to a nuna min abin da aka yi da fayil ɗin, aka fito da fom mai shafi biyu da hoton fasfo a manne. Sai da na zo da wani dattijo daga cikin shugabannin kasuwarmu sannan suka dawo da rabi, sauran har yau ana ta gobe jibi. Na yi wa Sensei ƙorafi ya ce Malam ni haya aka ɗauke ni in koyar, na sha gaya musu, kuma duk ɗalibin da ya tambaye ni ba na ɓoye masa. Na yarda da shi, amma ina ganin mutum mai mutunci irinsa bai kamata sunansa ya ci gaba da zama a jikin tallansu ba, dan da darajarsa suke jawo mutane, kuma na faɗa masa haka a gaban idonsa.

Mun sake biyan kuɗin zango na biyu ni da ƙanina, aji kawai. Wanda zai je ya tabbatar ajin Asabar da Lahadi aka sa shi dan na yamma a ranakun aiki wani matashi ne ke ɗauka wanda shi kansa N4 gare shi, kuma kuɗin ɗaya ne. Ku sauke Irodori a waya kafin ku je kar a sayar muku da hotokwafi, ku biya ta akawun cibiyar ba na wani ma'aikaci ba, ku karɓi rasit mai hatimi da aka rubuta kuɗin aji ƙarara a jiki, dan akwai wani yaro ɗan Alaba Rago da ya biya na aji aka rubuta masa kafin alƙalami na fakej, sai da aka yi rigima sannan aka gyara masa.